Tereza Yana Nan

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Saje Bonifas makwancinsa, yana da shekara casa'in da 'yan kai. Kafin in ce komai a kansa, ina da roƙo guda ga mai duba rubutu a wannan jarida: kada ya taɓa mini taken da ke sama. Na san Tereza sunan mace ne. Na koyar da Hausa fiye da rabin rayuwata, kuma babu ɗalibin da ya taɓa rubuta mini "yana" a inda ya kamata a ce "tana" ya tsira daga jar tawada. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, ba kuma tsufa ne ya taɓa mini hankali ba. Haka marigayin yake faɗa, kuma da waɗannan kalmomi nake so a tuna da shi.

Saje Bonifas mijin yayata Tereza ne. Mutumin kudu ne, ɗan Katolika tun daga gidansu. Ya shiga soja yana saurayi, aka kai shi ƙasar Bama, can yankin Asiya, a yaƙin duniya na biyu, ya dawo da igiya uku a hannun riga da kunnen hagu da ba ya ji sosai. Mu kuwa mutanen ƙasar Shandam ne, Sistoci ne suka rene mu a makarantar mishan, inda ake ɗaukar karkataccen layi a littafi kamar ƙaramin zunubi. A zamanin nan, mutumin kudu in ya zo Kano, Sabon Gari yake sauka. Saje bai yi haka ba. Yana da aboki, Kofur Inuwa, Musulmi, wanda suka kwana rami ɗaya a dajin Bama, kuma Gyaɗi-Gyaɗi ce mahaifarsa. Shi ya yanka masa fili a bayan gidansa, ya kuma samo masa 'yar gona ta wajen Tarauni. Saje ya kafa rumfar gyaran keke a bakin hanyar Zariya, da damina kuma ya yi noma.

Mai karatu na yau zai yi wuya ya yarda cewa Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ce a wancan lokaci. Gidajen ƙasa ne da dangar kara, sai gonakin gero da gyaɗa har iya ganinka, daga nan zuwa Tarauni kuwa turba ce ta jaki. Ranar Lahadi mukan tashi tun da sanyin safiya domin mu sami ibadar Mas a coci can cikin gari, Saje yana tura keke da yara a kai, mu muna biye. Ban taɓa ganin mun makara ba. In har aka kusa makara, kowa a gidan zai ji a jikinsa har yamma.

Na zo gidan a tsakiyar shekarun hamsin, kafin mulkin kai, bayan na gama horon malanta aka turo ni koyarwa a wata firamaren mishan. Na tarar da 'yarsu Monika ta isa shiga makaranta, ƙaninta Bulus kuma yana goye. Tun a makon farko muka fara da Saje, kuma ba mu gama ba sai da mutuwa ta raba. A bariki ya koyi Hausa, irin wadda ake kira Barikanci, wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Kowa "shi" ne, kowa "ya" ne. Zai ce, "Matana ya tafi rijiya." In ce, "Matata ta tafi rijiya." Sai ya kalli yayata ya ce, "Tereza, ƙanenka ya ce kai matansa ne." Ya laƙaba mini suna Malama Jan Tawada. Na ce masa ko a nan ma ya yi kuskure, tawada mace ce, jar tawada ake cewa. Ya ce, "To, shi ma mace ne? Garin nan mata ya yi yawa." Tsakanin miji da ƙanwar matarsa akwai wasa, kowa ya sani, amma ni ba wasa nake yi ba, shi ya sa abin ya fi ba shi dariya.

Akwai al'ada guda da ya taho da ita daga soja. Kowace yamma, da zarar an idar da sallar magariba a masallacin ƙofar gidan Kofur Inuwa, sai ya tsaya a tsakar gida, ƙafafu a haɗe, ya kira sunan kowa, daga Tereza zuwa ƙasa. Wanda aka kira ya ce, "Ina nan." Jariri uwarsa ke amsa masa. Sai an gama sannan a durƙusa a tabarma a yi addu'ar rosari. Da farko na ɗauki abin a matsayin rashin sanin bambancin gida da bariki. Mutum biyar ne a tsakar gidan da bai fi taki goma ba, kowa yana ganin kowa. Yayata ce ta faɗa mini dalili. A dajin Bama, in ji ta, ba a tsakiyar faɗa mutum ke sanin wa ya rasa ba, sai da yamma, in an kira suna aka ji shiru. Saje bai taɓa ba mu labarin yaƙi da bakinsa ba. Wannan kiran suna shi ne iyakar abin da ya bari muka gani.

Wata rana yayata ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba tsumma. Yatsunta suka ƙone suka yi bororo, ita kuwa tana ta magana da ni, ba ta ji komai ba. Na duba bayanta da rana, na ga wani tabo mai haske kamar tafin hannu. Na soka mata allura a wurin, ba ta motsa ba. Sistoci sun koya mana abin da hakan ke nufi. Kuturta ce.

Yau cutar nan ana shan magani a gida a warke, wani ma maƙwabcinsa ba zai sani ba. A lokacin ba haka ba ne. Aka kai ta wani asibitin mishan na masu wannan cuta, can nesa da gari, inda ake zama shekaru, ba a kuma yarda a tafi da yara. Aka yaye Bulus ba shiri. Kowa ya san yadda irin wannan tafiya ke ƙarewa. Mace takan tafi, a yi mata kuka kamar ta mutu, a rufe ɗakinta, bayan damina ɗaya ko biyu a buɗe wa wata. Ko ta warke, ba inda za ta koma. Abin da ke gabanmu ke nan: ko Tereza za ta sake samun wuri a gidanta, ko kuwa shi ke nan.

Yammar da muka dawo daga kai ta, na zaci ba za a yi kiran suna ba. Sai ga Saje ya tsaya a inda ya saba. Ya ce, "Tereza!" Aka yi shiru. Monika ta sunkuyar da kai. Sai shi da kansa ya amsa, da murya irin ta fareti, "Yana nan." Ya wuce zuwa suna na gaba.

Na bar shi kwanaki, ina ganin zafin rabuwa ne. Da na ga abin ya zama na kullum, na same shi a rumfarsa yana liƙin taya.

Na ce, "Saje, kalma biyu kake faɗa, kuskure biyu kake yi. Na farko, tana nan ake cewa. Na biyu, ba ta nan. Kana koya wa yara faɗin abin da ba haka ba, gab da za su durƙusa gaban Allah."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malama, a fareti amsa uku ne. Yana nan. Ya gudu. Ya mutu. Soja in yana asibiti, ɗan'uwansa ne ke amsa masa, kuma yana nan ake cewa, don ba a cire shi daga kamfani ba. Yayanka ya gudu?"

Na ce a'a.

"Ya mutu?"

Na ce Allah ya kiyaye.

"To, kai zaɓa mini wanne zan faɗa."

Na ce masa ko da hakan ne, ya gyara nahawun. Ya ce nahawu ya bar mini, in riƙa gyarawa a zuciyata. Haka kuwa na yi. Kowace yamma ya ce "yana", ni kuma a raina in ce "tana".

A shekarun da suka biyo baya na ga abin da ban taɓa gani ba a wurin namiji na wancan zamani. Ni ina makaranta tun safe, don haka shi ke wa yara wanka, shi ke tuƙa tuwo, mai gudaji da farko, daga baya ya iya. Ya shiga layin mata a bakin rijiya da tulu, suna dariya suna rufe baki, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da wasu suka fara gunaguni cewa bai kamata gugan gidan kuturwa ya shiga rijiyar unguwa ba, Kofur Inuwa ya zo ya karɓi gugan daga hannunsa, ya ja ruwa, ya sha a gaban kowa, ya yi alwala da sauran. Maganar ba ta sake tashi ba. Duk Asabar kuma Saje ya hau keke tun da asuba ya tafi asibitin. Ba a yarda su zauna tabarma ɗaya ba. Yakan zauna a kan dutse, ita a kan wani, ya ba ta rahoton gida kamar yana gaban hafsa: haƙorin Monika ya fita, akuya ta haihu, gyaɗar Tarauni ta yi kyau.

Dattawan garinsu da ke Sabon Gari suka zo wata Lahadi da yamma, cikin manyan zannuwansu. Sun daɗe suna magana da harshensu, wanda ba na ji, amma na gane inda aka dosa. Akwai wata a can gida, mai hankali, za a kawo ta ba tare da Fada, limamin cocinmu, ya sani ba, yara su sami uwa. Saje ya saurare su har suka gama. Da ya tashi ba su amsa, da Hausa ya ba su, kuma na tabbata don mu da ke bayan danga mu ji ne. Ya ce, "Ni ya yi rantsuwa biyu a duniya. Ɗaya gaban tuta, ɗaya gaban bagade na coci. Na tuta, an ba ni sallama. Na bagade, ba wanda ya sallame ni." Ya raka su har bakin hanya, ya ba su gyaɗa a ƙwarya.

Sau ɗaya tak na ga Saje ya gyara wa wani magana. Bulus ya fara surutu, kuma da yake ni ke goya shi in na dawo daga makaranta, wata rana ya riƙe mini zane ya ce, "Mama." Ba zan ɓoye ba, kalmar ta yi mini daɗi. Saje ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tsuguna daidai tsayin yaron, ya ce, "A'a. Wannan Malama ne. Mama yana nan." Ya sa shi ya maimaita har ya iya. Ban ce uffan a kan nahawu ba a ranar.

Sai aka zo da sabon magani na ƙwaya, aka fara sallamar mutane. Likita ya duba yayata ya ce ta warke, ba za ta sa wa kowa ba, tana iya komawa gida. A nan ne abin ya fi tsanani, domin ita ce ta ƙi. Yatsu biyu na hannun hagunta sun gajarce, girarta ta zube. Akwai wani ƙauye a gefen asibitin inda waɗanda suka warke ke zama, ta ce can za ta ƙare kwananta. Na bi Saje wata Asabar domin in ji da kunnena.

Ta ce masa, "Baban Monika, ka yi abin da ba wanda zai yi. Ya isa. Yarinyar nan za ta girma. In ina gidan, sunanta 'yar kuturwa, wa zai zo neman ta? Bulus bai san fuskata ba, in ya gan ni kuka zai yi. Ka bar ni a nan."

Saje bai yi mata wa'azi ba, bai kuma roƙe ta ba. Ya ce, "Kullum ni ke kira, ni ke amsa. Maƙogwaro ya gaji. Kai zo ka amsa naka." Ya tashi ya tafi duba iskar kekensa, wadda na san ba abin da ya same ta.

Yayata ta juyo gare ni. "Lusiya, ke ba kya ƙarya. Da gaske yana kiran sunana?"

Na ce, "Kowace yamma. Ya kira, ya amsa, kuma har yau bai amsa daidai ba. Yana nan yake cewa."

Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin tukunyar nan. Dariyar ta koma kuka. Amma ba ta biyo mu ba. Muka koma gida mu biyu, kuma da magariba ya tsaya ya kira ya amsa kamar kullum.

Da kaka ne, an fara cirar gyaɗa. Daga baya muka ji cewa motar kaya ce ta sauke ta a bakin hanyar Zariya da la'asar, ta lulluɓe fuska, ta zagaya ta bayan gonaki don kada a gane ta. Ta iso bayan dangarmu ta kasa shiga. Inna Hajara, matar Kofur Inuwa, ta gan ta, ta ɗebo mata ruwa a moɗar da take sha da ita, ta zauna kusa da ita, ba ta gaya wa kowa ba. Mu ba mu san komai ba. Aka idar da salla, Saje ya tsaya, ya haɗa ƙafafu.

"Tereza!"

Ya ja numfashi zai amsa. Sai muka ji daga bayan kara, a hankali, "Ina nan."

Ina kallon fuskarsa. Haɓarsa ta motsa sau ɗaya. Bai juya ba, bai ruga ba. Ya ce, "Monika!" Yarinya ta juya tana kallon danga. Ya sake cewa, "Monika!" Ta amsa cikin kuka. Ya kira Bulus, ya kira ni, domin ba a katse fareti a tsakiya. Sai da ya kai ƙarshe sannan ya taka zuwa ƙofa, ya buɗe, ya kama hannun nan na hagu, ya shigo da ita. Bulus ya ɓuya a bayana kamar yadda ta ji tsoro. Saje ya ce masa, "Ga Mama. Ba na ce maka yana nan ba?" A akushi ɗaya suka ci tuwo a ranar, kuma haka suka ci gaba har tsufa. Monika ta yi aure a kan lokacinta, uwarta ce ta ɗaura mata ɗankwali da yatsun da suka rage.

A watan jiya na bi ta Gyaɗi-Gyaɗi cikin a-daidaita-sahu, na nemi inda rumfarsa take ban gane ba. Shaguna ne a jere, masu sayar da waya da masu ɗinki da masu walda. Gonar Tarauni kuwa a kanta Bulus ya gina gidan da muke taruwa yanzu. Nakan tambayi kaina me Saje zai ce da wannan zamani. Hayaniya ba za ta dame shi ba, ya ji wadda ta fi ta. Zai yi murna da maganin da ya sa ba a raba uwa da ɗanta. Abin da ba zai gane ba, a ganina, shi ne gidan da uwa ke aika wa ɗanta saƙo ta waya cewa abinci ya sauka, alhali bango ɗaya ne a tsakaninsu. Ba zai kuma gane wata magana da nake yawan ji yanzu ba, a coci da wajen coci, cewa an mai da wance gidansu ta yi jinya. Na lura sau da yawa ba a komawa ɗauko ta.

Ba na so in mai da shi waliyyi, domin ba shi ba ne, kuma ba na son yabon da ya wuce gaskiya. Yana da zafin rai a kan makara. Ya tsananta wa Bulus a kan goge takalmi fiye da kima. In jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa yakan yi shiru na tsawon lokaci, ba mai iya yi masa magana. Lokutan da gari ya rikice, mutanen kudu da yawa suka kwashe kaya, ya kafe ya ƙi tafiya, ya jefa iyalinsa cikin zullumin da har yau ban tabbata ya dace ba, ko da yake gidan Kofur Inuwa bai taɓa rufe musu ƙofa ba. Lambobinsa na yaƙi suna cikin wani gwangwanin shayi, jikoki sun yi wasa da su har ɗaya ta ɓata, bai damu ba.

Yayata ta riga shi tafiya da shekaru masu yawa. Yammar da muka binne ta, gida cike da mutane, ya miƙe da sandarsa ya tsaya. Na tuna da amsoshin nan uku, na ƙura masa ido, domin na san mutum ne da ba ya kauce wa ƙa'idarsa. Ya ce, "Tereza!" Muryar ta tsufa amma ba ta karye ba. Ya jira kaɗan. Ya ce, "Yana nan."

Da aka watse na ce masa, "Saje, kai ka ce mini wanda ya mutu yana da tasa amsar."

Ya ce, "Wancan na bariki ne, Malama. Kai da ya yi makarantar Sista, haka aka koya maka? Ba a cire shi daga kamfani ba. Canjin bariki aka yi masa."

Me ya rage na Saje Bonifas? Rumfa ta tafi, gona ta tafi, waɗanda suka san shi da kaki duk sun kwanta. Ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da ya rage shi ne, a gidaje huɗu ko biyar na zuriyarsa, a Kano da wasu garuruwa, har yanzu akwai mai tsayawa da magariba ya kira sunaye kafin addu'a. Wanda ke makarantar kwana ana amsa masa. Wanda ke asibiti ana amsa masa. Akwai wani jika da ya yi fushi ya bar gida shekaru, uwarsa ba ta fasa amsa masa ba ko sau ɗaya.

Ranar da muka taru a Tarauni domin cikar shekara goma sha ɗaya da rasuwar Saje, Bulus, wanda shi ma yanzu furfura ta rufe shi, ya tsaya a tsakar gida. Ya fara da sunan ubansa, muka amsa baki ɗaya. Ya kira sunan uwarsa, muka amsa kamar yadda muka gada, "Yana nan." Sai wata 'yar jikar Monika, yarinya mai kaifin kai da ke aji huɗu, ta ja ni da zane ta ce, "Kaka Malama, ai kuskure ne. Tana nan ake cewa."

Na ce mata ta yi daidai, kuma in ta rubuta "yana" a jarrabawa ni da kaina zan ja mata kunne. Sannan na ce ta buɗe baki ta faɗa yadda muka faɗa.